Baba Mazurari da Tulun da Ya Sha Kananzir

Babana kananzir ya sayar tun kafin a haife ni. Ba a gidan mai ba fa, kada ku ɗauke mu da girma. Wani ɗan shago ne a kan kwana, tsakanin mai facin taya da mai aski, da duro biyu a ciki, da benci mai ƙafa ɗaya ta aro, da kwalabe jere a kan katako. Mazurarinsa na ƙarfe kullum a rataye yake a wuyansa da igiya, don an taɓa sace masa wani, ya rantse ba za a maimaita ba. Shi ya sa duk layinmu ba wanda ya san shi da wani suna sai Baba Mazurari. Ko Inna, idan ranta ya ɓaci, haka take kiransa, amma can ƙasa-ƙasa, bayan ya fita.

Mutum ne mai tsafta, kuma nan abin tausayin yake. Yana dawowa banɗaki yake wucewa kafin ya zauna. Ya gwada sabulu iri-iri, ya gwada toka, ya gwada ɓawon lemon tsami har fatar hannunsa ta yi fari. Amma kananzir ba baƙo ba ne da ake rakawa ƙofa. Kafin Baba ya yi sallama mun san ya shigo layi. Labulenmu kananzir, matashin kai kananzir, burodin da ya riƙo mana a hannu kananzir. Ni ban taɓa damuwa ba, ina ma gaya wa abokaina cewa sauro ba ya cizon 'yan gidanmu, tsoron gobara yake. Makarantar ma da na bari a tsakiya ba wari ne ya kore ni ba, lissafi ne.

Yayata ce abin ya ci wa rai. A ajinsu Fitila suke kiranta. Idan ta shigo sai wata ta ce a ɓoye ashana. Kayan makarantarta a leda take ƙulle su, ta rataye a bayan gida, can nesa da kayan kowa. Har ta gama makaranta ba ta taɓa kawo ƙawa gidanmu ba, ko guda. Ranar da aka ba ta kyautar ta ɗaya, ta ce wa Baba ba a gayyaci iyaye ba. Ya ce to. Washegari mai aski ya tambaye shi me ya hana shi zuwa, shi ya je na 'yarsa, an ma kira sunan Yaya an tafa. Baba ya ce ciniki ne ya riƙe shi. Bai taɓa yi mata maganar ba. Baba ba makaho ba ne, ba kurma ba ne, hancinsa kawai ya mutu.

Kuma ba mutuwar gaba ɗaya ba. Idan shinkafa ta kama a tukunya shi ke fara ji. Idan na saci turarensa ya sani. Kananzir ne kaɗai ya daina ji, kamar yadda kifi bai san ya jiƙe ba. Za ka iya buɗe masa jarka a ƙarƙashin gemu, ya ce maka iska ce.

Sai zamani ya juya masa baya. Masu risho suka koma gas, masu fitilar ƙwai suka koma mai caji. Ya zamana ya wuni a benci yana kora ƙuda, har ƙudan ma ba sa zuwa. Da ya ga haka ya sayar da durorinsa, ya mayar wa mai shago makulli, ya dawo gida da jarka guda, wai ta ko-ta-kwana, da mazurarinsa. Inna ta dafa kayansa a tukunyar ruwan zafi, waɗanda suka ƙi ji ta ba wa mai facin taya ya yi tsumma. Bayan wani lokaci sai Baba ya fara bin mu ɗaya bayan ɗaya yana miƙo hannun riga mu sunsuna.

"Auta, zo nan. Yanzu fa?"

"Tas, Baba. Kamar sabon jariri."

"Ban da shaƙiyanci."

"Wallahi ya tafi."

Kuma gaskiya na faɗa, ya tafi. Ku ga murnar dattijo. Ya sayi farar riga, abin da bai taɓa sawa ba. A masallaci ya daina tsayawa ƙarshen sahu kusa da taga.

Matsalar mutumin da ya saba tashi da asuba ya buɗe shago ita ce idan babu shagon sai ya buɗe gidan. Ya kwance fanka mai lafiya ya gyara ta har ta daina juyawa. Ya sake wa Inna tsarin kwanukanta. Ni kuwa ya mai da ni aikin yi, kullum tambaya: yau ina ka nema, me suka ce? Inna ta kira Yaya a waya ta ce ta zo ta samo wa ubanta abin yi kafin a yi kisan kai.

Lokacin Yaya ta fara aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, tana haya kusa da can, sai ƙarshen mako take leƙo mu. Ita ta tuna cewa Baba ya sha faɗa, da ba kananzir ya faɗa ba, da gashin nama zai yi. Duk inda ya ga ana gashi sai ya tsaya ya ba da shawarar da ba a nema ba.

Ran nan sai ga mota a ƙofar gida, ƙarti suna sauke wani abu suna nishi. Murhun gashi ne, amma ba irin rabin duron nan da kuka sani ba. Na tangaran ne, yumɓu mai kauri da aka gasa aka shafe bayansa yana ƙyalli, ya kai min ƙugu, da murfi mai nauyi kamar ƙofar banki, da ƙaramar ƙofar iska a ƙasa, wata a sama, da wani abu kamar agogo a goshinsa mai nuna zafi. Inna ta zagaya shi ta ce, "Wannan ai tulu ne ya yi karatu." Sunan ya bi shi. Tulu.

Bayan Tulu sai ga wani kwali, wai 'yan rakiyarsa ne, sabon shiga ba ya yi sai da su. Yaya ta durƙusa tana fito da su tana bayani, Baba yana tsaye hannu a baya kamar mai duba faretin soja.

"Wannan safar hannu ce, Baba, ta fata, don murfin da ragar suna zafi."

"Hannuna ya fi ta kauri."

"Wannan awartakin juya nama ne. Kada a soke shi da cokali mai yatsu, ruwansa zai tsiyaye. Wannan ƙugiyar kwashe toka ce, ta ƙofar ƙasa ake zura ta. Idan toka ta toshe, wuta ba ta numfashi."

"Wuta kuma har da numfashi."

"Wannan faifan dutsen tsakanin garwashi da nama ake sa shi, idan ana son kaza ta gasu a hankali ba ta ƙone ba. Wannan allurar ana soka ta a cinya, ta gaya maka ko cikin ya nuna. Burushin goge raga. Rigar ruwan sama. Wannan gwangwanin mai huji kuma a ciki ake tada gawayi, sai a juye." Ta ɗago wani ƙaramin kwali cike da wasu dunƙule-dunƙule na dusar katako da kaki. "Da waɗannan ake kunnawa."

Na ga bakinta ya motsa kamar akwai sauran magana, sai ta haɗiye, ta hau ninke leda. Daga baya na san abin da ta haɗiye. Mai kantin da ta sayo shi a wurinsa ya ja mata kunne sosai: duk abin da za a yi, kada a zuba wa Tulu kananzir ko fetur, don yumɓu yana sha, kuma abin da ya sha ba ya mantawa. Kalma ɗaya ce za ta faɗa. Amma kalmar nan tsakaninta da Baba ta fi murfin Tulu nauyi. Ta koma wurin aikinta ba ta faɗa ba.

Kafin mako ya zagayo 'yan rakiya duk sun sami sabon aiki. Safar hannu ta koma wurin Inna tana sauke tukunya. Faifan dutse ya shiga ƙarƙashin randa. Gwangwani mai huji Baba ya ce ya dace da ajiye cokula, ruwa ya riƙa tsanewa. Rigar ruwan sama ni na ara wa babur ɗin abokina. Dunƙulen kunna wuta kuwa, Baba ya ɗauki ɗaya ya jujjuya.

"Wannan kamar alawa. A gidana za a tada wuta da kaki? Ai sai a yi min dariya a layi."

Ya shiga ɗaki ya fito da jarkar ko-ta-kwana, mazurari a wuya. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba. Ya cika Tulu da gawayi, ya auna kananzir a kwalba, ya ɗaga ta sama ya duba a hasken rana, ya zagaya da ita a kan gawayin da jikin bangon ciki, ko ɗigo bai faɗi ƙasa ba. Ya ƙyasta ashana. Wuta ta yi tsalle ta gaishe da igiyar shanya.

"Ka gani? Su je su yi ta jiran kaki."

Kazar da ya ɗora ta fito kyakkyawa, ja-ja-ja, tana maiƙo. Ya yanka da kansa ya raba, ya tsaya a kanmu. Na kai loma. Jama'a, kun taɓa lasar lagwanin fitila? Ni ban taɓa ba, amma ranar na san yadda yake. Warin ba a fata ya tsaya ba, har ƙashi ya shiga. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji ƙafar Inna a kan tawa, da dukan nauyinta.

"Ya yi?" in ji Baba.

"Ya yi, Malam," in ji Inna. "Sannu da ƙoƙari."

"Auta?"

"Baba, ban taɓa cin irinsa ba."

Ban yi ƙarya ba. Shi kuwa ya zauna ya cinye nasa har da tanɗe yatsu, yana cewa lallai yarinyar nan ta san kaya.

Da Yaya ta zo ƙarshen mako, haƙarƙarin rago ya gasa mata. Ta tauna sau ɗaya ta tsaya. Ta ce bari ta wanke hannu, ta shige kicin ta daɗe. Na bi ta na tarar ta dafa bakin famfo, Inna na tsaye a bayanta.

"Kananzir ya zuba?" in ji Yaya.

"Me kike tsammani zai zuba, ruwan lemo?" in ji Inna. "Ke ba ki gaya masa ba a sawa ba?"

"Inna, ta yaya zan kalli idonsa in ce kananzir yana ɓata abu?"

"To ni ce zan ce? Ni da na ci, na sha, na yi sutura da shi?"

Suka juyo gare ni tare.

"Kada ku kalle ni. Ni ina cin abincin gidan nan kyauta, ba ni da bakin magana."

Haka muka fito muka cinye haƙarƙarin nan muna murmushi, muna kora shi da ruwa.

Na gwada dabara, kada a ce ban yi komai ba. Na ɓoye jarkar a bayan tankin ruwa. Baba ya hau mota har wata unguwa ya sayo kwalba, ya dawo yana faɗa wai 'yan yanzu ba su iya awo ba. Wata rana na riga shi tashi na tada gawayin da dunƙulen kaki, na ce ina taya shi ne. Naman ya fito da warinsa daram. Tulu ya riga ya sha ya ƙoshi, da ya ji zafi sai ya fara gyatsa.

Inna ta koma wanke nata kason a ɓoye tana jefawa a miya da barkono mai yawa. Sai miyar ma ta koma ta fitila.

Da abin ya tsaya a gida da sauƙi. Amma Baba mai kyauta ne. Ya fara aika wa maƙwabta. Tela na jikin gidanmu, mutumin da ko gayyatar suna ta wani layi ba ta wuce shi, ya ci sau ɗaya, sai ga shi wai likita ya hana shi jan nama. Baba ya aika masa kaza. Wai ita ma an hana. Mai aski haƙori ya kama shi. Mai facin taya ya shiga azumin nafila ba ranar fita. Cikin ɗan lokaci duk layinmu ya zama asibiti. Kyanwar Tela kaɗai ce ba ta iya ƙarya ba: aka jefa mata, ta sunsuna, ta tona ƙasa ta rufe.

Ana haka wata Asabar Baba ya ajiye awartaki, ya goge hannu, ya ce da Yaya:

"Abokan aikin nan naki da kike ba mu labari. Ki kawo su."

"Ina, Baba?"

"Ina kuwa? Nan. Ran Lahadi ta sama. In gasa musu kaji." Ya gyara wuyan farar rigarsa, bai kalle ta ba. "Ai yanzu gidan ba laifi. Ko?"

Duk mun san abin da yake tambaya. Idan ta ce a'a, ta sake ce masa ba a gayyaci iyaye ba. Idan ta ce to, mutanen da aikinsu ke nan gano abin da ya ɓuya a jini za su zauna a gabansa su tauna kananzir. Gaba kura, baya sayaki.

"To, Baba," ta ce. "Zan kawo su."

Ya shiga ɗaki yana 'yar waƙa. Ita kuwa ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi.

Abin da muka manta shi ne, Baba ɗan kasuwa ne. Hanci ne ba shi da shi, ido yana nan. Ya sha gaya min a shago: mai saye da ya yaba kaya bai dawo ba, ƙarya ya yi maka. Kuma tun da ya fara gashi, ana ta yabo, ba wanda ya taɓa cewa a ƙara masa.

Ran Juma'a ya ce zai yi gwaji kafin baƙi, Yaya ta zo ta ɗanɗana. Ya aike ni kasuwa sayen gawayi, ya ce wa Inna ta je ta duba ƙanwarta da ta haihu. Da muka dawo da la'asar, Yaya ma ta iso, sai muka tarar kaza tana kan ragar Tulu, murfi a buɗe, shi yana zaune a gefe. Muka zauna kamar masu jiran allura. Ya raba.

Na ciza a hankali. Na sake cizawa. Kaza! Kaza tsantsa, da gishiri da tafarnuwa da hayaƙin gawayi, ba fitila ba risho. Na kalli Yaya, ta kalli Inna. Sai ƙarar ƙashi kake ji. Ni har da tsotsar bargo. Inna ta share farantinta, ta leƙa wajen Tulu ta ce:

"Malam, da saura?"

Baba bai tashi ba.

"Auta," ya ce, "taɓa jikin Tulun."

"Zai ƙone ni, Baba."

"Taɓa."

Na taɓa. Sanyi ƙalau, kamar randa.

"A ɗan murhun gawayin innarku na gasa ta, a bayan gida. Da takarda na tada wutar." Ya dubi faranti ɗaya bayan ɗaya, duk an suɗe su. "Yau ne aka fara tambayata ƙari."

Na so ƙasa ta tsage. Ni da bakina ba ya mutuwa, na nemi wasa ko guda na rasa. Inna ta hau gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

"Me ke damun na Tulun?" in ji Baba.

Kowa ya zuba wa farantinsa ido.

"Ba faɗa zan yi ba. Tambaya nake. Ɗanye ne? Gishiri?"

Yaya ce ta buɗe baki, muryarta kamar ta aro.

"Kananzir ne, Baba."

"Kananzir."

"Yumɓun yana sha. Idan ya yi zafi sai ya mayar wa naman. Mai kantin ya gaya min kada a zuba. Ni ce ban gaya maka ba."

"Don me?"

Ta sunkuyar da kai. Shi ma bai sake tambaya ba, don ya sani. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko, Malam," in ji Inna.

"Tela ma? Da mai aski?" Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Ni ina ta yi musu addu'ar samun sauƙi." Ya kama hannun farar rigarsa ya murza. "To wancan fa? Da nake tambayarku kuna cewa ya tafi. Shi ma irin wannan ne?"

"A'a, Baba, wallahi," na ce.

"Kai yi min shiru, kai ka ce ba ka taɓa cin irinsa ba." Ya juya ga Yaya ya miƙa mata hannu. "Ke. Ke ce mai hancin gidan nan tun kina ƙarama."

Ta taso ta durƙusa a gabansa. Ta kama hannun da hannu biyu ta kai fuskarta, ta daɗe.

"Da can ya tafi," ta ce. "Yanzu ya ɗan dawo. A yatsu."

Ya gyaɗa kai, ya zare hannunsa a hankali.

"Ki ce wa mutanenki ba ni da lafiya. Ai layin duk marasa lafiya ne, ƙarin ɗaya ba komai."

"Ba zan ce ba."

"Na ce ki ce."

"Baba, na yi ƙarya a kanka da yawa. Ta isa."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Ranar bai fito cin abinci ba, Inna ta kai masa ta dawo da shi yadda yake.

Da safe na ji ƙarar cokula a kicin. Baba ne ya juye su daga gwangwani mai huji. Ya ciro faifan dutse daga ƙarƙashin randa, ya karɓi safar hannu wurin Inna, ya ce in je in kwaso rigar ruwan saman daga kan babur ɗin mutane kafin ya ƙirga uku. Bai kalli kowa a ido ba. Yaya ta kira mai kantin, ya ce babu tabbas, amma a kwashe tsohon gawayi da toka tas, a zuba sabo, a buɗe ƙofofin iska duka, a bar shi ya yi zafi iya zafi ba komai a ciki, ko zai amayar da abin da ya sha.

Baba ya tsuguna ya zura ƙugiya ta ƙofar ƙasa yana jawo toka. Ya goge raga da burushi har ta yi haske. Ya cika gwangwani da gawayi, ya ɗauki dunƙulen kaki guda ya sa a ƙasa, ya ƙyasta. 'Yar wuta ta kama kamar ta kyandir. Muka tsaya muna kallo. Ta daɗe ba ta yi komai ba.

"Haka ake jira?" ya ce.

"Haka, Baba."

"Allah Ya ba masu kaki haƙuri."

Da garwashi ya yi ja ya sa safar hannu ya juye a Tulu, ya rufe. Allurar agogon goshi ta yi ta hawa. Hayaƙin da ya fito ta sama ya sa Tela ya leƙo ta katanga yana tambaya ko risho ne ya fashe, da ya haɗa ido da Baba ya nutse kamar ƙadangare. Har rana ta karkata ana abu ɗaya. Da Tulu ya huce, Baba ya ɗaga murfi ya matsa gefe.

"Sunsuna."

Yaya ta sunkuya.

"Da saura."

"Da yawa?"

"Ya ragu. Amma ba na baƙi ba ne."

"To," ya ce. Ya jawo rigar ruwan sama ya lulluɓe shi.

Ran Lahadi suka zo, mata biyu da wani dogo mai tabarau. Inna ta yi shinkafa da miyar kaza a tukunyarta. Aka shimfiɗa musu a tsakar gida, suka gaisa da Inna, suka yi dariyar shirmena. Baba yana ɗaki, ƙofa a rufe. Dogon ya tambaya ina mai gidan, ai an ce shi zai yi musu gashi. Inna ta buɗe baki, na san rashin lafiyar nan za ta jawo, sai Yaya ta miƙe ta shiga ɗakin. Ban ji abin da suka ce ba. Sun ɗan jima.

Suka fito tare, tana riƙe da gefen rigarsa kamar yarinya a kasuwa. Shi kansa a ƙasa, hannayensa duka biyu a aljihu.

"Ga babana," ta ce. "Kananzir ya sayar a kwalba har na gama karatu."

"Sannu, Baba," suka ce. Ɗaya daga cikin matan ta nuna abin da ke lulluɓe a lungu. "Wancan ne murhun da ake ba mu labari?"

"Shi ne," in ji Baba, yana kallon tabarma. "Yana jinya. Na ba shi abin da ba a ba shi."

Dogon ya taso ya miƙo masa hannu. Baba ya tsaya. Ya kalli hannun, ya kalli Yaya. Na ga aljihun yana motsi, kamar yana goge yatsunsa a ciki. Sannan ya fito da hannun ya ba shi.